Ƙanena ya ce ya haƙura da jami'a, kwamfuta zai koya: ina neman shawararku

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ya kwana biyu yana cina a rai. Ina da ƙane, shi ne autanmu, shekararsa 20. Tun rasuwar mahaifinmu riƙonsa ya dawo hannuna. Ya gama sakandare a 2023, ya zauna JAMB sau biyu, bai samu kwas ɗin kwamfuta da yake so ba. Bana ya ce in daina wahalar da kaina da sayen fom. Abin da yake so shi ne in ɗauki ɗan rabonsa na gado da ke ajiye a wurina, naira 450,000, in saya masa laftof ya koyi kodin, wato rubuta manhajar kwamfuta, da kansa. Ya ce yanzu kamfanoni ba sa tambayar digiri.

Ba zan ɓoye muku ba, yaron yana da kai. Da daddare a zaure nakan same shi da wayarsa mai fasasshen gilashi yana kallon darasi, yana kwafe layukan kodin da biro cikin littafin makaranta, tunda babu na'urar da zai gwada su. Kwamfutar ofishin shugaban makarantarmu da ta shekara a lulluɓe da zane, shi ya tashe ta cikin yini guda. Amma ni malamin firamare ne, NCE gare ni, kuma na san abin da rashin takarda ke yi wa mutum. Kuɗin nan na maraya ne, in sun tafi babu wasu. Waɗanda ke cikin harkar, don Allah ku faɗa mini gaskiya: ana samun aiki ba digiri? Nawa ake samu?

Matashin Tsafe:
Wa'alaikumus salam. Yaya ka saya masa kawai. Mai Facebook bai gama jami'a ba, Bill Gates ma haka. Ga masu digiri nan birjik a Gusau suna tuƙa Keke Napep. Zamanin takarda ya wuce.

Malam Lakcara:
Ƙanena na Tsafe, a bi sannu. Mutanen nan biyu da ka ambata Harvard suka shiga kafin su fita. Wanda ya shiga Harvard ya bari daban, wanda bai samu gurbi ba daban. In misali kake so na gida, ga Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020 a kan sama da dala miliyan 200. Shola Akinlade da Ezra Olubi da suka kafa shi, dukansu kimiyyar kwamfuta suka karanta a jami'ar Babcock. Ban ce sai da digiri ake iyawa ba. Cewa na yi kada mu ɗora rayuwar maraya a kan labarin mutum biyu daga Amurka.

Alhaji Mai Ritaya:
Baban Ilham, Allah shi saka maka da riƙon zumunci. Ni shekara 35 na yi a aikin gwamnati, kuma fayilolin ma'aikata sun bi ta hannuna ba adadi. Tsarin da munka taras kuma munka bari shi ne: mai digiri ko babbar difloma mataki na 8 ake ɗaukarsa, mai NCE na 7, mai ƙaramar difloma na 6, mai takardar sakandare can ƙasa. Ko mai babbar difloma, a aikin tarayya mataki na 14 ne iyakarsa in bai ƙaro takarda ba. Akwai wani yaro da munka yi aiki da shi, duk kwamfutar da ta lalace a ma'aikatar shi aka kira, har gidan kwamishina. Ranar da anka buɗe gurbin jami'in kwamfuta, ko ganawa ba a kira shi ba, don ba shi da takardar bautar ƙasa. Anka kawo wani sabo, shi kuma yaron ya zan mai koya mishi aiki. Na ga hawayensa da idona. Wanga abu shi na ke tsoro ga ƙanenka.

Injiniyan Ƙaura:
Baba Alhaji gaskiya ya faɗa, amma ƙofa ɗaya ya yi magana a kai. Bari in ba da nawa, tunda ni ne irin wanda ake tambaya. Injiniya ake ce mini, amma ƙaramar difloma kawai gare ni daga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Ƙaura Namoda. Shekara 11 ke nan ina cin abinci da jan kebul, haɗa netwok, kafa kyamarorin tsaro, da gyaran kwamfuta da firinta. Tun da na fara, babu mai otal ko mai gidan mai ko mai asibitin kuɗi da ya taɓa cewa in nuna masa takarda. Tambayarsu ɗaya ce: wa ka yi wa aiki a baya? Sai su ɗaga waya su kira shi.

Maganar kuɗi kuwa, ga yadda take a wurina. Wannan ba aikin albashi ba ne, aikin kaka da rani ne. Tun da JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya a 2015, duk cibiyar jarrabawa tana buƙatar wanda zai haɗa mata kwamfutoci sama da 200 a kan saba ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da sauran, ya kuma kwana a wurin har a gama. A irin wannan lokaci nakan samu a wata guda abin da ya fi albashin wata uku na ƙaramin ma'aikaci. Amma akwai watan da in ban da canjin batirin laftof da wankin firinta babu abin da ke shigowa. Wanda bai iya ajiya ba, sana'ar nan za ta kunyata shi.

Yarana biyu da ke tare da ni, shekarar farko kuɗin abinci da na mota kawai nake ba su, sai ɗan alheri in an gama kwangila. Na farkon yanzu wata makaranta mai zaman kanta ta ɗauke shi yana kula da ɗakin kwamfutarta a kan 60,000, bai kai ma mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba. Amma da yamma yana kafa kyamara da sola, kuma abin da yake samu a nan ya fi albashin. Haka abin yake, ba daloli ba ne.

Matashin Tsafe:
To ai shi yaron kodin ya ce, ba jan waya a silin ba. Masu kodin dala suke karɓa.

Ɗan Mafara a Abuja:
Tunda an zo kan kodin, bari in sa baki, don ni shi nake yi, kuma ba ni da digiri. Na fara jami'a na bari a aji biyu saboda rashin lafiyar mahaifiyata. Da freeCodeCamp da YouTube na koya, kyauta, in ban da kuɗin data. Yau ina aiki da wani kamfani na Legas, albashina ya ninka alawus ɗin ɗan bautar ƙasa na 77,000 sau da yawa, Alhamdu lillahi. Ranar ganawa ba su tambayi makarantata ba. Aiki suka ba ni suka ce in kawo cikin kwana uku, sannan suka zaunar da ni awa biyu ina bayanin dalilin da ya sa na rubuta kowane layi.

Amma Baban Ilham, ga abin da masu bidiyon "koyi kodin cikin wata uku" ba sa faɗa. Shekara biyu da rabi na yi kafin sisin kwabo ya shigo. Na tura neman aiki wurare fiye da yadda zan iya ƙirgawa, yawancinsu ko amsa babu. Aikina na farko shafin intanet ne na wani mai sayar da takin zamani, kuma rabin kuɗin har yau ban gani ba.

Sai babban abin, wanda ya shafe mu mu 'yan Zamfara kai tsaye. A farkon Satumban 2021 ina Gusau, na samu aikina na farko da wani mutumin waje ta Upwork, shafin neman aikin nesa, saura kwana biyar in miƙa. Aka wayi gari an rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Babu kira, babu data. Na saka laftof a buhun shinkafa don kada ta ja ido a hanya, na shiga mota zuwa Funtuwa. Na zauna a barandar wani masallaci na tura masa saƙon ban haƙuri. Bayan 'yan kwanaki can ma aka rufe, sai Zariya. Sabis bai dawo Gusau ba sai farkon Oktoba. Mutumin bai yi faɗa ba, ya dai ba wani aikin. Abin da ya fitar da ni daga gida ke nan. Duk wanda zai yi aikin nesa daga jiharmu, ya sa wannan a lissafi tare da wuta: sai da sola ko inbata, sai da layi biyu, ga data da ta ƙara tsada tun da aka amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025.

Kuma kasuwar masu fara koyo ta yi tsauri. Andela, da aka kafa a Legas a 2014 don horar da matasa kodin ba tare da duba digirinsu ba, a 2019 ta sallami ƙananan masu kodin sama da 400, ta ce ƙwararru kasuwa ke nema. Wannan tun kafin zuwan ƙirƙirarriyar basira ke nan. Yanzu ƙananan ayyukan da muka koyi hannu da su, irin su ChatGPT na yin su cikin minti ɗaya.

Baban Ilham:
Inna lillahi. Wato ka ce in hana shi?

Ɗan Mafara a Abuja:
A'a Malam, ban ce ba. Yaron da ke rubuta kodin da biro a takarda, ko ka hana shi ba zai hanu ba. Abin da nake cewa, kada ya zauna a ɗaki shi kaɗai shekara biyu yana jiran dala. Da yawa a nan suke karyewa, wasu kuma a nan 'yan damfarar intanet ke samunsu, don su kuɗinsu a kusa yake. Kuma zan faɗi abin da ke damuna: sau biyu ina kaiwa matakin ƙarshe a neman aiki, ɗaya banki, ɗaya ƙungiyar agaji, aka tsaya a kan takarda. Shi ya sa yanzu nake karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, ina aiki ina yi.

Ummu Sultan:
Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, na ce bari in ce wani abu don matan da ke cikin zauren nan su ma su ji. Ni NCE na yi a kwalejin ilimi ta mata da ke nan Gusau, na yi aure, na zauna shekara shida ba aiki. Da gwamnatin tarayya ta fito da shirin 3MTT a ƙarshen 2023, wanda minista Bosun Tijani ya kawo don horar da mutum miliyan 3 a fannin fasahar zamani, ban samu shiga rukunin farko na mutum 30,000 ba, sai a na biyu. Nazarin bayanai na zaɓa. Kyauta ne, kuma ba a ce sai mai digiri ba. Amma horo ne, ba ɗaukar aiki ba, kowa ya san wannan kafin ya shiga.

Da na gama ban jira kowa ba. Na je kemis ɗin da muke sayen magani a Samaru, na tarar da mai shi yana lissafin kaya a wani babban littafi da ya yi baƙi da datti, magungunan da suka kusa lalacewa ma bai san da su ba sai ya ci karo da su. Na ce ya ba ni mako biyu. Na zuba masa komai a Excel, na sa duk maganin da ya rage masa wata uku layinsa ya koma ja. Ranar da ya buɗe ya ga jajayen layuka sama da goma, shiru ya yi, sannan ya ce nawa zai riƙa biyana a wata. Yau ina da kemis biyu da makarantun Islamiyya uku da nake fitar wa sakamakon jarrabawa. In an haɗa duka yakan kai abin da malamin firamare ke ɗauka, wani watan ya ɗara, kuma ina cikin ɗakina. Ba kuɗi ne na a zo a gani ba, amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da na lura, mu a nan ba ƙarancin aiki ne da mu ba. Mutanenmu ne ba su san suna buƙatar aikin ba sai ka nuna musu.

Malam Lakcara:
Hajiya, Allah ya ƙara albarka. Amma ki lura, NCE ɗin nan ita ta ba ki Turancin da kika bi darasin da shi, da lissafin da kika gane Excel. Wannan shi ne abin da nake ta faɗa. Ni ina koyarwa, kuma ba zan kare abin da bai karuwa ba: akwai ɗaliban da ke gama karatun kwamfuta ba su taɓa rubuta manhajar da ta yi aiki ba, don ɗakin gwaji babu wuta ko na'urorin sun tsufa. Amma makaranta tana ba da abin da YouTube ba ya bayarwa: tushe, abokan karatu, da takardar da za ta yi maka magana a inda ba a san ka ba. Mai shekara 20 bai san abin da zai so yana da 35 ba. Wata rana zai so ƙarin karatu a waje, ko bizar aiki, ko kujerar shugaban sashe.

Kuma Baban Ilham, me ya sa dole sai jami'a kai tsaye? Ga kwalejin Ƙaura, ga ta Abdu Gusau a Talatar Mafara. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, makin shiga bai kai na jami'a ba, kuma da ita zai iya shiga jami'a a aji biyu, ko ta Gusau ko wata. Sakin reshe a kama ganye shi ne ba na so.

Mai Shagon Waya, Sabon Gari:
Ni tambaya gare ni. Satifiket ɗin nan da ake cewa na Cisco, kamfanin kayan netwok, shi ba zai tsaya a madadin digirin ba? Na ji an ce da shi kaɗai ana ɗaukar mutum.

Injiniyan Ƙaura:
CCNA kake nufi. Ina da ita, kuma ta yi mini rana: da ita na samu aikin kwantiragi da wani kamfanin da ke kula da turakun sadarwa. Amma kuɗin jarrabawar dala 300 ne. Lokacin da na yi, dala ba ta kai 400 ba. Da ta haura 1,500 a 2024, kuɗin zama ɗaya ya kai duk abin da ke hannun Baban Ilham, kuma in ka faɗi sun tafi. Bayan shekara uku kuma sai an sabunta ta. Ba abin farawa ba ce. Mutum ya fara taɓa rauta da suwic, wato na'urorin haɗa netwok, da hannunsa, ya san yadda ake matse kan kebul, in ya samu kuɗi daga aikin sai ya je ya yi. Darussan Cisco na farko akwai su kyauta a intanet. Na ga masu satifiket uku da aka ba su kebul suka rasa wace kala ke bin wace.

Kuma a yi hattara da cibiyoyin da ke karɓar kuɗi masu yawa su ba yaro takarda mai zanen zinariya bayan wata uku. Wani yaro ya zo mini da irinta, na ce ya sa wa kwamfuta Windows, ya tsaya yana kallona. Kuɗin mahaifiyarsa ne na sayar da akuya biyu. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Alhaji Mai Ritaya:
To ku ji ni. Ni ban ce yaro shi bar abin da Allah Ya hore mishi ba. Amma dukiyar maraya amana ce, ba a cinikin biri a sama da ita. A raba ta. Kuma a zauna da mahaifiyarsa in tana raye, a ji ta bakinta.

Baban Ilham:
Tana raye Baba, kuma ita kullum maganarta ɗaya, tana son ta ga ranar da zai sa kakin bautar ƙasa kamar 'ya'yan maƙwabta. Shi kuma in an yi maganar sai ya sunkuyar da kai, ya ce shekara nawa zai ƙara yana jira. Injiniya, Ɗan Mafara, laftof wace iri ce za ta ishe shi? Shi wata ya nuna mini a waya da ta cinye kuɗin duka.

Ɗan Mafara a Abuja:
Ba ya buƙatar wannan. Ta hannu ta ishe shi, irin ThinkPad ko HP ko Dell na ofis, Core i5, RAM 8, kuma lallai mai SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri. Batiri shi ne abin dubawa a garinmu, a cire caja a gani ko za ta yi awa uku. Kada ka je kai kaɗai, ka tafi da wanda ya sani. Ni da wadda ba ta kai wannan ba na koya. In ya samu, ka ba shi lambata ta wajen admin. Duk Lahadi da dare zan duba abin da ya rubuta, amma da sharaɗi: wata shida na farko ba maganar dala, kuma ya gina wa makarantarku shafin da iyaye za su duba sakamakon yaransu. Wannan zai zama abin nunawarsa na farko.

Matashin Tsafe:
Yaya Ɗan Mafara, ni ma ina so a sa ni. Gaskiya wata takwas ke nan ina kallon bidiyo, yau wannan yare gobe wancan, ban gama ko ɗaya ba.

Ɗan Mafara a Abuja:
Ka zaɓi ɗaya ka riƙe. Ka turo mini abin da ka taɓa ginawa, komai ƙanƙantarsa.

Ummu Sultan:
Baban Ilham, ka ce masa ya dage da Turanci kuma. Duk takardun bayanin da Turanci suke, kuma abokin ciniki da saƙo zai fara auna ka. Ni kullum sai na karanta shafi biyu da ƙarfi bayan sallar asuba.

Malam Lakcara:
In ya yarda da diflomar, ka tuntuɓe ni kafin a rufe canjin makaranta a JAMB, in nuna muku yadda ake yi. Har yanzu dai ina kan bakana, na fi son ya shiga aji bana.

Injiniyan Ƙaura:
Malam, ajin ba zai hana shi riƙe filaya ba, in Ƙaura ya zo ma ga shagona kusa. Baban Ilham, ranar Asabar ina da aikin kyamarori takwas a wani gidan mai a hanyar Sakkwato, nan cikin Gusau. Ka turo shi ƙarfe bakwai na safe, ya sa takalmi rufaffe, don zai hau tsani. In na ga yadda yake kama aiki zuwa la'asar, zan faɗa maka abin da na gani ba tare da kara ba. Laftof ɗin kuma kada ka saya tukuna, akwai wanda nake karɓar kaya a wurinsa a Farm Centre a Kano, zan tambaya maka farashi.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta masa duka yanzu a zaure. Da na zo wurin buhun shinkafar nan ya ce in sake karantawa. Bai ce komai ba a kan difloma, ya ce zai yi magana da Inna da kansa gobe. Amma ya ce in tambayi Injiniya, shi zai zo da abincin rana ko a can za a ci?

Injiniyan Ƙaura:
A can za a ci. Ya dai zo da littafin nan nasa, ina son in gani.